Malam Iliya: Na Yarda, To Ta Ƙaƙa?

Malam Iliya ya rasu.

Da safen nan Hannatu, 'yarsa ta fari, ta kira ni ina tsaye ina jiran ruwan shayi ya tafasa. Ta ce, "Anti Barira, Baba ya tafi." Na ce ina? Wallahi haka na ce, don mutumin kullum a hanya yake, in ba Jiratawa ba to Maradi. Sai da maganar ta fita bakina sannan na gane.

Na Allah muke, wurinsa za mu koma.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ya koya mana fizik a lise, wato babbar sakandare, nan Maradi. Mutumin Tsibiri ne, Kirista, dogo, mai tsohon babur da ba ya tashi sai an tura. Duk wanda ya zauna ajinsa ya san babur ɗin nan, don babu wanda bai tura shi ba, har mu mata.

Niyyata in rubuta layi biyu, in yi addu'a, in kama bakina. Amma kafin hantsi wani abokin ajinmu ya saka saƙon murya a gurup ɗinmu na tsofaffin ɗalibai. Ya ce a yi hattara. Ya ce mutumin nan shi ya fitar da Allah daga aji, wanda duk ya rubuta "ikon Allah" a jarrabawa sai ya soke masa da jan biro. Ya ce shi bai ga abin da zai kai Musulmi Tsibiri gaisuwa ba.

Cikin ɗan lokaci, waɗanda suka ce za su je suka fara tuna suna da uzuri. Wannan kaya sun iso masa daga Kwatano, waccan baƙi ne za su zo mata.

Kai mai saƙon, ba zan kira sunanka ba. Benci ɗaya ne tsakanina da kai a aji, kuma na san da gaske kake faɗa, ba don mugunta ba. Shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Mai mugunta ana iya share shi. Kai kuwa mutane suna jin maganarka.

Takardar da kake magana a kai tawa ce. Don haka bari mai ita ta ba da labari.

Tambayar ita ce, me ya sa ruwan tulu ya fi na bokiti sanyi, alhali inuwa ɗaya suke? Ban sani ba. Tun da aka haife ni nake shan ruwan tulu, ban taɓa tambaya ba. Sai na rubuta, da Faransanci, da rubutuna mafi kyau, cewa ikon Allah ne. A raina na ce in ya isa ya ce ba haka ba ne.

Bai soke ba. Ko ɗigo bai sa wa kalmar ba. A ƙarƙashinta ya yi rubutu, da ya zo miƙo mini takardar kuma ya faɗa da Hausa don kowa ya ji:

"Na yarda. To ta ƙaƙa?"

Maki kam bai ba ni ba, kada in ƙara masa abin da bai yi ba. Na yi fushi, na ce, "Malam, ai amsata gaskiya ce." Ya ce, "Gaskiya ce, ɗiyata. Gaskiya ce a wannan tambaya, da ta bayanta, da duk wadda zan yi miki har ki gama lise. Ni kuwa amsar wannan tambayar kaɗai nake nema."

Mako na gaba sai ga shi da tuluna biyu ɗaure a bayan babur, an naɗe su da kara, tun daga Tsibiri. Ɗaya ya shafe bayansa da fenti, ɗaya ya bar shi yadda mai ginin tukwane ta gasa shi. Ya sa muka cika su a famfo ɗaya, muka ajiye a gindin bishiyar bedi. Da muka dawo daga hutu ya ce kowa ya sa hannu. Mai fentin ɗumi. Ɗayan jikinsa ya yi gumi, ruwan ciki kuma sanyi har haƙori. Nan ya nuna mana yadda ruwa ke tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, iska ta ɗauke shi, ya tafi da zafin.

Sai ya juyo gare ni. "Barira, yanzu kin ga ta ƙaƙa. Ikon ya ragu?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Ni ma a wurina bai ragu ba. Zauna."

Kana nan ranar. Kai ka ɗauki mai fentin ka mayar masa bakin babur.

Kuma tunda ka manta, bari in tuna maka sauran. Zamaninmu ana komawa aji da yamma. La'asar na yi zai ajiye alli ya ce, "Ku tashi ku ba Mai sama haƙƙinsa, kada gobe a ce Iliya ya hana ku." Shi ke zama gadin jakunkunanmu. In wani ya laɓe bayan aji ya ƙi zuwa, ya kan leƙa ta taga ya ce, "Kai, ni ba limaminka ba ne, amma na gan ka."

Da azumi ban taɓa ganin ya kai ruwa baki a gabanmu ba. Ga zafin Maradi, ga ƙurar alli, muryarsa har dushewa take yi. Babu wanda ya roƙe shi wannan.

Shekarar da babana ya kwanta ciwo, shi ya zo har ƙofar gidanmu ya ce wa innata, "Kada ku cire ta. In ta makara da safe saboda jinya, ni na san abin da zan faɗa wa darakta." Innata ba ta iya sunansa ba, har ta rasu "malaminku na Tsibiri" take ce masa, kuma duk sallar layya sai ta ware masa nama.

Akwai kuma rabin labarin da saƙonka bai taɓo ba. A ajin ƙarshe muna da wani yaro da ya fara karance-karance, kansa ya yi zafi. Wata rana ya miƙe ya ce ai kimiyya ta gama nuna cewa duniya ba ta buƙatar mahalicci. Yana jira Malam ya yaba masa. Malam ya dube shi ya ce, "Na ji. To ta ƙaƙa? Da wane ma'auni ka auna? Kawo shi nan teburin mu gwada." Ku lura, a nan "na ji" ya ce, bai ce "na yarda" ba. Yaron ya zauna. Shi ma maki bai samu ba.

Mutumin da ya fitar da Allah daga aji ke nan.

Na karanta abin da ya sawwaƙa a kan wannan gardama, na malaman da da na yanzu, na gabas da na yamma. Wasu suna ganin addini da kimiyya gida biyu ne da katanga a tsakani, wasu suna ganin ɗaki ɗaya ne, wasu kuma ba sa samun barci sai ɗaya ya kori ɗaya. Ban gama yanke wa kaina hukunci ba har yau. Amma ban gane abin da Malam yake yi ba sai da ya zama ɗalibina.

E, ɗalibina. Bayan ya yi ritaya ya sami fili a Jiratawa yana noman zogale da tattasai. Ni kuma ina da ɗan wuri a Sabon Gari inda nake koya wa matasa rubuta furogiram na kwamfuta. Wata Asabar na ɗaga kai sai ga shi a bakin ƙofa, da furfura, da hula a hannu. Ya ce, "Malama, akwai wurin tsoho?" Na ce, "In tsohon ya yi aikin gida." Ya ce, "Ramuwa ce ke nan." Na ce ramuwa ce.

Salon da nake koyarwa shi ne wanda ake gina komai da fonksiyon. Yadda nake bayyana wa yara shi ne injin niƙa: ka zuba gero, gari ya fito. Sai dai injin unguwarmu ba ya mantuwa. In wadda ta riga ki barkono ta niƙa, kununki zai gaya miki. Fonksiyon ta kirki kuwa inji ne da ba ya tuna wanda ya riga ka, ba ya kuma taɓa kwanon kowa. Abin da ka zuba shi kaɗai ke yanke abin da zai fito, yau da gobe da baɗi. Wannan ya yi wa Malam daɗi ƙwarai. Ya ce da 'yan Adam haka suke da an rufe kotu.

Inda muka saɓa shi ne mataki na gaba. In ka rubuta fonksiyon, ka gwada ta, ta yi, sai ka sa mata suna ka daina leƙa cikinta. Daga nan sunan kawai kake kira, ka gina wani abu a kansa, shi ma ka sa masa suna ka rufe. Masu sana'ar suna ce masa abstraksiyon. Ni rufe akwati nake ce wa yara.

Malam ya ajiye biro. "Barira, ni na ƙare ƙuruciyata ina cewa yara su buɗe su gani. Ke kuma kin zauna nan kina ce musu su rufe?"

Na ce, "Malam, kan mutum ba ya ɗaukar komai lokaci ɗaya. In ba ka rufe na ƙasa ba, ba za ka iya tunanin na sama ba."

Ya ce, "Haka malalata ke faɗa."

Yaran suka zuba mana ido, suna jiran su ga wa zai ci wani.

Don in huce, na rubuta musu wata fonksiyon a allo, irin wadda duk abin da ka ba ta amsa ɗaya take mayarwa. Ka ba ta biyu, ta ce bakwai. Ka ba ta dubu, ta ce bakwai. Na ce wannan halaliyar fonksiyon ce, ba ta karya doka ko ɗaya ba, sai dai ba ta gaya maka komai game da abin da ka ba ta. Sai na ji dariya daga bencin baya, irin mai sa tari. Ya nuna allon da yatsa ya ce, "Ga takardarki ta tulu."

Shekara nawa, bai manta ba.

Bayan 'yan makonni ya ce lallai in zo Jiratawa in ga zogalensa. Na je da safe. Ya kai ni bakin 'yar kwatar siminti da ke kawo ruwa, ya ɗaga ƙarfen da ke tare bakin fili, ruwa ya gangara cikin kunya-kunya. Ya ce, "Na yi ta tunanin akwatinki. Kin ga ruwan nan? Akwai rijiya mai zurfi can, akwai inji, akwai wuta, akwai mutanen da suka shata kwatar tun ina saurayi. In na zo ban ruwa ba na tunanin ko ɗaya. Ƙarfen nan kawai na sani. Amma da na rufe injin a raina, ban ce babu inji ba."

Na ce to.

Ya ce, "Abin da nake yi a aji ke nan, ban dai san sunansa ba. In muna auna zafin ruwa, zafin ruwa muke aunawa. Wanda ya yi ruwan, da dalilin da ya sa akwai mu da za mu sha, wannan akwati ne babba, ba ya shiga ma'aunina. Rufe shi na yi don girmansa, ban musa shi ba."

Kun san ni, ban bar shi ya tafi da ita haka ba. Na ce, "Malam, ran da aka ɗauke wuta fa? Akwatin da kansa yake buɗewa, ka tsaya da ƙarfe a hannu babu ruwa. Kuma yaro ba fonksiyon ba ne. Da barkonon gidansu yake shigowa aji. Imaninsa ba takalmi ba ne da zai tuɓe a ƙofa."

Ya ce, "Ban ce ya tuɓe ba. Ya shigo da shi, ya zauna da shi. Kada dai ya miƙo mini shi a madadin aikin gida."

Sai na yi masa tambayar da ta daɗe a raina. Na ce, shirun nan da kake yi a kan addini a aji, tunani ne ko tsoro? Kai kaɗai ne Kirista a gaban aji cike da Musulmi.

Ya ce, "Duka biyun, ɗiyata. Ina da 'ya'ya, ina son aikina. Amma ina fata da a ce ajin cike yake da 'yan cocinmu, ke kaɗai ce Musulma a ciki, haka zan yi. Don ke."

Har yau ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba. Ina ganin akwai ranar da ya kamata malamin kimiyya ya bar yara su faɗi mamakinsu da harshen da suka iya, ko da minti kaɗan ne. Na gaya masa, ya ce ni da gardama tare aka yanke mana cibi. Amma saɓanin da ke tsakanina da shi a kan ina za a ja layi ne. Ban taɓa jin ya raina abin da nake bautawa ba, ko da wasa.

Ganina da shi na ƙarshe, bayan girbin bana ne, a gidansa na Tsibiri. Ya rame. Yana kwance kan kujerar zaure, kwamfutar da Hannatu ta saya masa tana kan cinyarsa. Mama Rahila, matarsa, tana ta yi mini ƙararsa: "Ɗiyata, ki karɓe abin nan. Likita ya ce ya huta, shi kuwa sai magana yake da allo kamar mai aljanu." Ya ce, "Rahila, aikin gida ne, malamata ba ta da tausayi."

Ya tambaye ni yaransa ɗaya bayan ɗaya. Haka yake ce mana, yaransa, mu da wasunmu har sun yi jikoki. Ya tambayi mai saƙon murya ma, da sunansa na makaranta. Ya ce yana jin labarin kasuwa ta karɓe shi, ya ji daɗi, dama yaron akwai lissafi.

Da zan tafi ya sa aka ɗauro mini zogale. Ya ce, "Na sauko miki rabin hanya a kan akwatin. Su rufe. Amma kowane yaro ya buɗe sau ɗaya da hannunsa kafin ya rufe." Tun daga ranar, a wurina babu mai amfani da fonksiyon da aka gama sai ya fara rubuta tasa, ko da gurguwa ce.

Ɗazu na kira Mama Rahila. Muryarta a kwance, ita ke ba ni haƙuri. Ta ce 'yan coci sun kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi. Sai ta ce, "Na sa an share gefen gabas, an jera butoci, an cika randa. Yaransa masu salla ne, kada la'asar ta riske su su rasa wuri." Sannan ta tambaye ni, "Za su zo ko?"

Na ce za su zo.

Ban san da bakin wa na yi alkawarin nan ba. Ita ba ta cikin gurup ɗinmu, ba ta ji saƙon ba, kuma duk wanda ya tura mata shi, ni da shi ne.

Ni ba malamar addini ba ce, ba zan yi wa kowa fatawa a nan ba. Ban ce ku shiga coci ba, ban ce ku faɗi abin da zuciyarku ba ta yarda da shi ba. Mai shakka ya tambayi malaminsa, amma ya gaya masa labarin duka, har da gadin jakunkuna, ba rabin da aka saka a gurup ba. Abin da na sani shi ne abin da na taso na ga iyayenmu suna yi tsakanin Maradi da Tsibiri: in aka yi rashi, a je a zauna, a ce sannu.

Tsohuwa ta cika butoci saboda ku. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne magariba ta yi ta zubar da ruwan a gindin bishiya babu wanda ya taɓa.

Gobe da hantsi zan tashi daga wurin aikina a Sabon Gari. Akwai wuri a motata, masu babur kuma sun san hanya. Kai ma mai saƙo, kujerar gaba taka ce in kana so. Ba zan ce maka komai ba a hanya, kuma ka san abin da wannan alkawarin zai ci mini.

Ya Allah, kai ka halicci bawanka Iliya, ka san cikinsa da bayansa fiye da ni da duk mai magana a kansa. Wannan akwatin ba nawa ba ne, na bar shi a hannunka, kai ne mai adalci. Ka sanyaya zuciyar Mama Rahila da Hannatu da ƙannenta. Ka sa abin da ya koya mana ya amfani 'ya'yanmu. Ka tsare bakunanmu daga faɗin rabin gaskiya a kan wanda ba zai iya amsawa ba. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Ku taya ni da addu'a, kowa yadda ya iya.

Na kuma ga da yawanku sun riga sun rubuto mini cewa Allah ya ba iyalinsa haƙuri.

Amin. Na yarda.

To ta ƙaƙa?